Yesu Ya Tashe Shi, 'Yan'uwa Suka Kwance Shi

Karatu: Yohanna 11:38-44
Ayar haddacewa: Yaƙub 5:16

Karatunmu na yau ya tsayar da mu a bakin wani kabari a ƙauyen Betanya, kusa da Urushalima. Li'azaru ya kwana huɗu a ciki. Kabarin kogo ne, an toshe bakinsa da dutse. Da Yesu ya ce a kawar da dutsen, Marta, 'yar'uwar mamacin, ta nuna damuwa cewa gawar ta riga ta fara wari. Duk da haka aka kawar. Yesu ya yi wa Uba godiya, ya ɗaga murya ya kira Li'azaru da sunansa, matacce kuwa ya fito.

Yawancinmu a nan muke tsayawa mu ɗaga hannu mu ce Haleluya, kuma ya cancanta. Amma ka sake duba aya ta 44. Mutumin da ya fito yana da rai, yana numfashi, sai dai hannuwansa da ƙafafunsa a naɗe suke da likkafani, fuskarsa ma a rufe take da mayafi. Ba ya ganin hanya, ba ya iya miƙa hannu ya warware kansa. Yesu wanda ya fi ƙarfin mutuwa bai sa likkafanin ya zube da kansa ba. Ya juya wurin mutanen da ke tsaye, ya ba su aikin kwance shi.

Ayyuka uku aka yi a bakin kabarin nan. Kawar da dutse aikin mutane ne. Ba da rai aikin Yesu ne shi kaɗai, ba fasto ko annabi da zai iya shi. Kwance likkafani kuma ya sāke zama aikin mutane. Idan giya ta ɗaure ka, ko ta ɗaure wani a gidanka, saƙon nan naka ne. Ubangiji yana ba da rai, ya kuma shirya hannuwan 'yan'uwa da za su warware ka.

Likkafanin da ake kira giya

Maganar Allah ba ta ɓoye halin mashayi ba. Ka karanta Karin Magana 23:29-35 a hankali, za ka ga hotonsa kamar yau aka ɗauka: idanu jawur, rigima ba dalili, raunuka a jiki waɗanda bai san inda ya same su ba, jiri kamar wanda yake kwance a cikin jirgin ruwa. Ayar ƙarshe ita ce ta fi ban tausayi, domin da ya farka abin da ya fara nema shi ne wani ƙoƙon. Wannan shi ne ɗauri. Mutum ya san abin yana kashe shi, ya yi rantsuwa da safe, da yamma ƙafafunsa su kai shi wurin da ya rantse ba zai koma ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kimanin miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ta kuma ce mutum miliyan 209 ne suke rayuwa cikin halin da jikinsu ya dogara da giya. Wasu daga cikinsu suna zaune kusa da kai ranar Lahadi. Wani yana cikin ƙungiyar mawaƙa, wani yana tsaron ƙofa, wata tana ɗaure da zanen zumuntar mata. Ga wani burukutu ne a ƙwarya ranar kasuwa, ga wani kwalba ce bayan an tashi daga ofis, ga wani 'yar ƙaramar leda ce da ke shiga aljihu ba wanda ya gani. Albashi ya ƙare kafin tsakiyar wata, an koro yara saboda kuɗin makaranta, uwargida ta daina tambaya domin ta gaji da ƙarya.

Ɗan'uwa, buguwa zunubi ce. Afisawa 5:18 ta hana mu, ta kuma nuna mana abin da ya kamata ya cika mu, wato Ruhu Mai Tsarki. Amma idan shan ya daɗe, yakan zama ciwo a jiki ma. Giya tana rage gudun aikin ƙwaƙwalwa. Da ta ga ana danne ta kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara wa kanta ƙarfi domin ta daidaita. Shi ya sa kwalba ɗaya da ke bugar da kai a dā, yanzu sai uku ko huɗu. Shi ya sa kuma hannunka yake rawa da safe har sai ka kurɓa. Jinin Yesu yana wanke zunubin nan take. Jiki da ɗabi'a da abokan zama kuwa suna nan a naɗe da kai kamar likkafani, a hankali ake warware su, zare bayan zare.

Ai an riga an yi mini addu'a

Wataƙila zuciyarka tana cewa: na fita gaban bagade, an ɗora mini hannu, na faɗi ƙarƙashin ikon Ruhu. In na je taron masu fama da giya, ba na nuna rashin bangaskiya ke nan ba?

Mun gaskata Allah yana kuɓutarwa nan take. Akwai waɗanda sha'awar giya ta mutu a zuciyarsu a dare ɗaya, muna kuma ɗaukaka sunansa saboda su. Amma ka dubi Shawulu a Ayyukan Manzanni sura 9. Yesu da kansa ya gamu da shi a hanyar Dimashƙu, duk da haka ya kwana uku ba ya gani, sai da Hananiya ya zo ya ɗora masa hannu. Da ya je Urushalima almajirai suka ji tsoronsa, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Wanda ya ga hasken sama da idonsa ma ya bukaci 'yan'uwa biyu. Kai fa?

Ka tuna kuma da gargaɗin Ubangiji a Mattiyu 12:43-45 game da gidan da aka share aka gyara amma aka bar shi ba kowa. Mugun ruhun ya dawo da waɗansu bakwai, ƙarshen mutumin ya fi farkonsa muni. Sa'o'in da kake yi a mashaya daga ƙarfe biyar na yamma zuwa dare, da hirar da kake samu a can, da mutanen da ke kiran sunanka in ka shigo, duk ɗakuna ne da za su zama fanko ranar da ka daina. In ba ka cika su da wani abu ba, tsohon baƙon ya san hanya.

Ayar haddacewarmu ta haɗa abu biyu kafin warkarwa: mu faɗa wa juna laifofinmu, mu kuma yi wa juna addu'a. Da yawa mun riƙe na biyun mun bar na farkon, domin addu'a ba ta jawo kunya, faɗin gaskiya kuwa tana jawowa. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da Marta ta hana a kawar da dutse saboda wari, da ɗan'uwanta bai fito ba.

Yadda mutum biyu suka zama taro

A watan Mayu na 1935, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson ya tafi garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka domin wata harka, harkar kuwa ta lalace. Watanni biyar ke nan da ya daina shan giya bayan shekaru na wahala. Yana tsaye a zauren masaukin baƙi, ga mashaya a gefe guda, sha'awa ta taso masa. Sai ya lura da wani abu: a watannin nan, duk lokacin da yake ƙoƙarin taimakon wani mashayi, shi kansa ba ya sha. Ya duba jerin sunayen majami'u da ke zauren, ya buga wa wani mai wa'azi waya yana neman a haɗa shi da mashayi irinsa. Ta haka aka kai shi ga wani likitan tiyata mai suna Bob Smith, wanda giya ta kusa rushe aikinsa. Likitan ya yarda zai ba shi minti 15 kawai. Suka yi sa'o'i suna magana, domin karo na farko ke nan da ya ji mutumin da ya san ciwon daga ciki, ba daga littafi ba.

Ranar 10 ga Yuni 1935 ake ƙirgawa a matsayin ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, wato mashayan da ba sa bayyana sunansu. Mutanen biyu suna da alaƙa da wata zumuntar Kirista mai suna Oxford Group, kuma a shekarun farko sun riƙa karanta Wa'azin Yesu a kan Dutse, da 1 Korintiyawa 13, da wasiƙar Yaƙub. A 1939 suka buga littafinsu mai ɗauke da matakai 12. A taƙaice matakan suna kai mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa rayuwarsa ga Allah, ya binciki halinsa ba tare da yaudarar kai ba, ya faɗa wa wani mutum laifofinsa, ya gyara tsakaninsa da waɗanda ya cuta, ya ci gaba da addu'a, sa'an nan ya taimaki wani. A yau ƙungiyar tana cikin ƙasashe kusan 180. A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta ga cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutane da irin wannan taro suna taimaka musu su daina sha gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin jiyya, wani lokaci ma fiye da su.

Ya kamata ka san AA ba ikkilisiya ba ce. Tana karɓar kowa, tana barin kowane mutum ya kira Allah yadda ya fahimce shi. Kai ka san wanda ka gaskata, sunansa Yesu Almasihu, da shi za ka shiga, da shi za ka fita. Akwai kuma tarurrukan da aka gina kai tsaye a kan sunansa. Blue Cross ta fara a 1877 a Janiba ta hannun wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat. David Wilkerson, faston Assemblies of God, ya je New York a 1958 domin matasan da ƙwaya da ta'addancin titi suka cinye, daga nan aka sami Teen Challenge. Celebrate Recovery ta fara a 1991 a ikkilisiyar Saddleback da ke Kalifoniya ta hannun John Baker, wanda shi ma ya taɓa fama da giya. Ka ga ashe wannan aiki ba baƙo ba ne a gidan Allah.

Kafin ka ajiye kwalba, ka ga likita

Wannan sashe zai iya ceton ranka, kada ka tsallake shi. In kana sha kowace rana, kuma da safe jikinka yana rawa, kana zufa, zuciyarka tana tashi har sai ka sha, kada ka yanke sha farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewa, in aka ɗauke giyar kwatsam, takan yi gudu fiye da kima. Alamun sukan fara cikin sa'a 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Tsakanin kwana biyu zuwa huɗu wasu sukan rikice, su yi zazzaɓi, su riƙa ganin abubuwan da babu su. Wannan halin yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba, amma likitoci suna da maganin da ke kwantar da shi.

Saboda haka kada ka haɗa daina shan da azumin da ba ci ba sha sai ka ji daga likita. Iyali, in kun ga ɗanku ya shiga wannan halin, ku yi addu'a a cikin mota kuna hanyar asibiti, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce aljanu ne suke fita. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, bai ga saɓani tsakanin aikinsa da aikin Ruhu ba. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin asibiti, asibiti ma ba ya maye gurbin taron.

Inda za ka nema

Ka fara da mutum ɗaya mai riƙon amana: fasto, ko dattijon ikkilisiya, ko shugaban zumuntar maza, ko shugabar zumuntar mata. Ka ce masa a fili, giya ta fi ƙarfina, ina neman inda masu fama irina suke haɗuwa. Kada ka lulluɓe maganar ka ce kana cikin wata 'yar gwagwarmaya. Ka kira abin da sunansa.

Na biyu, ka tambaya a asibiti. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Ka tambayi likita ko ma'aikacin jinya ko akwai zaman rukuni na masu murmurewa, da ranar da ake yi.

Na uku, wayar da ke hannunka. Ka rubuta sunan Alcoholics Anonymous ko Celebrate Recovery tare da sunan garinku ko ƙasarku a intanet. Ana kuma yin tarurruka da yawa ta Zoom, dare da rana, kana iya shiga ka rufe kyamara ka saurara kawai. Yawancinsu da Turanci ko Faransanci ake yi, don haka in harshen zai ba ka wahala ka nemi ɗan'uwa amintacce ya zauna tare da kai.

In duk ka nema babu a kusa, ka tuna da Akron. Mutum biyu ne suka fara. Yesu ma a Mattiyu 18:20 ya yi alkawarin kasancewarsa a tsakiyar mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunansa. Ka roƙi fasto ya ba ku ɗaki sa'a ɗaya a mako, ya kuma haɗa ka da wani wanda ya daɗe da dainawa.

Ka auna kowane wuri kafin ka saki jiki. Taron kirki ba ya sa maka kuɗin shiga, ba ya sayar maka da ruwa ko mai ko garin magani, ba ya ɗaure mutum da sarƙa ko ya doke shi, ba ya ɗaukar hotonka ya sa a Facebook a matsayin shaida ba da yardarka ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka juya.

Abin da za ka tarar a ciki

Tsoron ƙofa ya fi abin da ke bayanta girma, don haka bari ka ji yadda zaman yake. Yawanci sa'a ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Akwai taron da kowa zai iya shiga har da iyali, akwai kuma wanda aka keɓe wa masu fama da sha kaɗai, sai ka tambaya tun kafin ka je. Wanda ke jagoranta shi ma mai murmurewa ne kamarka. Akan buɗe da ɗan shiru ko addu'a, a yi karatu, sa'an nan mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya. Sunan farko kawai ake faɗa, ba a tambayar aikinka ko gidanku. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, kowa labarin kansa yake bayarwa. In layi ya zo kanka ba ka shirya ba, ka ce yau saurare na zo yi, ba wanda zai tilasta ka. Akan zaga da kwando domin kuɗin ɗaki da shayi, in ba ka da shi ka miƙa gaba. Abin da ake bukata daga gare ka guda ɗaya ne, kana so ka daina sha.

Babbar dokar wurin ita ce rufin asiri. Abin da aka ji a ɗakin ba ya fita. Ka tuna da Nuhu a Farawa 9, mutumin da ya sami tagomashi wurin Allah, amma ya sha ruwan inabi ya bugu ya kwanta tsirara. Ham ya gani ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi suka shiga da baya suka rufe mahaifinsu. Taron nan ɗakin Shem da Yafet ne. In ka ga wanda ka sani a can, kada gabanka ya faɗi, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

A taron AA za ka ji mutane suna gabatar da kansu a matsayin mashaya ko da sun yi shekaru ba su sha ba. Wannan yakan dami mai bi da aka koya masa ya kula da furcin bakinsa. Dalilinsu shi ne kada su manta cewa kurɓa ɗaya ta isa ta mayar da su inda suka fito. Ba dole ne ka faɗi abin da lamirinka bai yarda da shi ba. Kana iya cewa: ni ɗan Allah ne, ina yaƙi da giya. Matsayinka cikin Almasihu ya tabbata, 1 Korintiyawa 6:11 ta shaida an wanke ka, an tsarkake ka. Amma 1 Korintiyawa 10:12 ta gargaɗi mai tsammanin yana tsaye ya yi hankali. Ka riƙe ayoyin biyu tare.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Na'aman a 2 Sarakuna 5 ya fusata domin ya zaci annabi zai fito ya yi wani babban abu, sai aka aike shi kogin Urdun da ya raina. Barorinsa ne suka lallashe shi, kuma sai a nutso na bakwai fatarsa ta warke. Ka je aƙalla sau shida ko bakwai. Tsofaffin 'yan taro sukan shawarci sabon shiga ya yi ƙoƙarin zama 90 cikin kwana 90 na farko inda hakan zai yiwu. In sau ɗaya ake yi a mako a garinku, kada ka fasa ko ɗaya, sauran ranakun ka cike su da waya da zumuntar gida da nazarin Littafi Mai Tsarki.

Ka kuma nemi mai riƙe maka hannu, wato wanda ya daɗe da dainawa, wanda za ka iya kira ko da tsakar dare. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka kira shi kafin ka sha, kada ka bari sai bayan ka sha. Sha'awar giya takan taso kamar hadari, ta yi ƙarfi, ta wuce. Hirar minti goma sau da yawa ta isa ta raka ka har hadarin ya watse.

Abincin yini ɗaya

Kada ka ɗora wa kanka nauyin shekara ashirin masu zuwa. A Fitowa 16 Allah ya ba Isra'ilawa manna na yini ɗaya ɗaya, wanda ya ɓoye na gobe ya tarar ya yi tsutsa. Alherin da za ka ƙi giya da shi yau, yau ake bayarwa. Da safe ka ce, Ubangiji, ka riƙe ni har dare. Da dare ka gode. Ka canza hanyar da kake bi daga wurin aiki in ta gaban mashaya take bi. Ranar albashi ka bar kuɗin a hannun matarka ko wani amintacce. Bikin da ka san za a zuba giya, ka je da ɗan'uwa ku tashi da wuri, ko ka aika da gaisuwa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In kuwa ka faɗi, Shaiɗan zai raɗa maka cewa ka kunyata kowa, kada ka sāke nuna fuskarka. Ƙarya ce. Ranar da ka faɗi ita ce ranar da ka fi bukatar taron. Bitrus ya yi mūsun Ubangiji sau uku, amma a Yohanna 21 Yesu ya shirya masa karin kumallo a bakin teku, ya kuma mayar masa da aikinsa. Ka tashi, ka kira mai riƙe maka hannu, ka faɗi gaskiya, ku duba tare abin da ya kai ka, ka koma kujerarka. Kwanakin da ka yi ba ka sha ba ba su lalace ba, abin da ka koya a cikinsu yana nan.

Ga iyali da ikkilisiya

'Yar'uwa da mijinki ke sha, uwa da ɗanki ke sha, ba ke kika jawo ba, kuma ba za ki iya daina masa ba. Ki daina biyan bashin mashaya, ki daina yi masa ƙarya a wurin aikinsa, domin hakan yana ƙara wa likkafanin ƙulli ne. Ke ma kina bukatar inda za ki sauke nauyi. Tun 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, kuma ko babu ita a kusa, mata biyu ko uku masu irin wannan hawaye za su iya haɗuwa su riƙe juna. In yana dukanki ko yana dukan yara, ki kai kanki da su wurin da babu haɗari, ki sanar da shugabanni. Haƙuri bai ce ki zauna a kashe ki ba.

Mu kuma ikkilisiya, mu ne mutanen da ke tsaye a bakin kabari. Galatiyawa 6:1-2 ta ba masu ruhaniya aikin komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, da ɗaukar nauyin juna. Kwance likkafani yana bukatar a matso kusa, a jure wari, a sa hannu. Kada asirin ɗan'uwa ya zama batun addu'a da ake yawo da shi gida gida. Kada a yi gaggawar miƙa masa makirufo ya ba da shaida bayan mako biyu. A ba shi kujera, a ba shi lokaci, in ya ɓace a neme shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode domin Yesu ya kira ni da sunana. Na yarda a gabanka cewa giya ta fi ƙarfina, amma ba ta fi ƙarfinka ba. Ka gafarta mini, ka wanke ni da jinin Ɗanka. Ka karya girman kai da kunyar da suka toshe bakin kabarina. Ka kai ni wurin 'yan'uwan da ka shirya domin su kwance ni, ka ba ni ƙarfin zuciya in shiga in faɗi gaskiya. Ruhu Mai Tsarki, ka cika duk ɗakin da giya ta bari. Ka warkar da gidana, ka mayar mini da abin da fara ta cinye. Ranar da na tsaya da ƙafafuna, ka mai da ni hannun da zai kwance wani. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Abin yi a makon nan

1. Kafin rana ta faɗi yau, ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce gaskiyar halin da kake ciki.
2. In jikinka yana rawa da safe, ka ga likita kafin ka yanke sha.
3. Ka gano rana da lokaci da wurin taro mafi kusa, ka rubuta a bangon ɗan littafin nan, ka nemi wanda zai raka ka zuwan farko.
4. In kai ba ka fama da sha, ka yi addu'a domin mutum ɗaya da ka sani, ka ziyarce shi, kada ka gaya wa kowa.